Madannin da Suraj Ke Kashewa

Ana tsakiyar biki a unguwar Buokrom, Bawah mawaƙi ya lura ƙaramar fitilar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ba ta ci. Ya shaƙo wuyan rigar Suraj, mai kaɗa masa jita.

"Kai chale, wa ya kashe madannin makirufona? Mai shago a Sofoline ya ce wannan makirufo ba irin na masu wa'azi ba ne. Sai amfilifaya ta tura masa wuta yake magana!"

"Yaya Bawah, bar shi haka. Dubi yadda mata ke rawa."

Bawah ya gane hassada ce. Tun da ya sayi makirufon nan gayyata ke zuwa daga unguwar Krofrom har Sofoline. Yakan rufe ido ya rera, yana jin muryarsa a kansa kamar zuma, jama'a na ta shewa. Ashe yau yaron nan ke son yi masa zagon ƙasa.

Bawah ya danna madannin da kansa. Fitila ta kama. Ya cika ƙirji, ya saki murya.

Rawa ta tsaya cak. Wani jariri ya tsala ihu. Amarya ta ja mayafi ta toshe kunne.

Mma Asibi, uwar amarya, ta ratso taro tana haki. Ko kallon Bawah ba ta yi ba.

"Suraj! Me muka yi da kai? Ka ce a kowane biki makirufonsa a kashe yake, jita kaɗai ake ji. Don haka fa na ɗauko ku!"