Rubutun da Kaka Ta Sha

Ina ajin farko na babbar sakandare a Dutse malamin lissafi ya ce mu haddace sin da cos na kusurwa talatin, arba'in da biyar da sittin. Suka ƙi zama a kaina. Wata la'asar a gidanmu na Takur na ɗauko allon karatuna, na rubuta su da tawada a bayansa, na wanke a ƙwarya. Na ce tunda ana shan rubutu don kaifin ƙwaƙwalwa, bari in sha lissafin kansa.

Ban kai bakina ba sai ga Kaka ta fito tana dafa bango.

"Rubutu ne, Maigida? Sam min, gwiwar nan ta hana ni sakat."

Ta gyara mayafinta ta zauna, ta karɓa da hannu biyu, ta yi bismillah. Ta sha, ta shafa sauran a gwiwa. Ɗigo ɗaya ya zuba ƙasa, ta dangwale shi da yatsa don kada a taka.

"Wace sura ce?"

Na sunkuyar da kai. Ta ɗauka kunyar ɗan kirki ce, ta yi ta sa min albarka.

Yau ko daga barci aka tashe ni, zan ce sin talatin rabi ne. Amma duk sanda na faɗa, sai na ga yatsanta yana tsince ɗigon nan daga ƙasa.