Buhu a Cikin Buhu

Tun da ka ce idonka ya ishe ka shaida, to saurara. An yi wani direban babbar mota, tsohon hannu, mai alfahari da cewa ko daga nesa ya hangi buhu zai gaya maka abin da ke ciki. Wata rana ya je wani ƙaton sito ɗaukar wake, zai kai injin niƙa na garinsu, inda masu ƙosai da alale da ɗanwake ke sayen gari, har da matarsa. A siton nan kowane buhu an ɗinke masa wata 'yar alama a baki, falle guda, ba ta fi ganyen darbejiya ba. Ba ta da batir, ba ta ko motsi. Amma a bakin ƙofa akwai na'ura mai aika kira ta iska irin na rediyo, duk alamar da kiran ya taɓa sai ta farka ta faɗi abin da ke cikin buhunta, da inda ya fito, da inda za shi. Waken ci a fararen buhuna yake. Waken iri, wanda aka cuɗa da guba saboda ƙwari, a koraye, kuma ba a yarda su hau mota ɗaya ba.

Aka yi lodi, farare tas. Motar na sa kai a ƙofa sai na'ura ta ɗau kuwwa, wai akwai iri a ciki. Direba ya diro yana kumfar baki, ya ce a gabansa aka ɗora kowane buhu, shi ba makaho ba ne, ga hadari ya haɗu a gabas, ga doguwar tafiya. Mai kula da siton, wata mace mai sanyin magana, ta ce, "Malam, ni ma fari nake gani. Amma wani abu a cikin motar nan ya amsa da sunan kore." Ta sa 'yan dako suka shiga saukewa, tana bin buhunan da ƙaramar na'urar hannu, gogan naka na gefe yana ta tsaki da hura hanci. Can a tsakiyar lodi na'urar ta tsaya kan wani farin buhu da ba shi da maraba da 'yan'uwansa. Ana farke ɗinki sai ga koren buhu kwance a ciki. Ashe ƙugiya ce ta yaga shi, wani ɗan dako ya yi abin da 'yan dako suka gada kaka da kakanni: ya zura shi ɗungurungum cikin wani buhun da aka juye, ya ɗinke, don kada wake ya zube. Tattali ya yi, ba mugunta ba. Mai injin niƙa na garinsu kuwa ya saba ganin buhu cikin buhu, baki kawai yake yankawa ya juye.

Direba ya tsuguna, ya ɗebi na guba a hannun dama, na ci a hagu. Ya duba, ya sake dubawa, ya kasa rarrabewa. Tsoro da mamaki suka rufe shi, don ya san yaran da ke layi a gaban kaskon matarsa kowace safiya, nasa ne a sahun gaba. Ya roƙi a ba shi alamar ya taɓa. Ya juya ta a tafin hannu, ba ido, ba baki, amma daga ƙarƙashin tulin wake ta ji kira ta amsa. A hankali ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba." Sannan ya wanke hannu, ya sa kafaɗa aka mayar da lodi tare da shi, bai ƙara maganar hadari ba.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.