Ɓarawon Tasha ta Biyu

Don Fermín ya taɓa kunne, ya shafi hanci, ya gyara hula, sannan ya danna linzamin kwamfutarsa. Ɗan wasansa ya falla zuwa tasha ta biyu, amma ƙwallo ta riga shi isa. An sake kama shi, karo na goma sha ɗaya ke nan. Ya doki teburin cin abinci har cokula suka yi tsalle.

"Tsoho, teburin nan bai yi maka laifin komai ba," in ji matarsa, Doña Nereida, daga ɗaya gefen teburin. Ko kai ba ta ɗago ba daga ƙaramar kwamfutar hannun da 'yarsu ta aiko mata daga New York don ta riƙa duba hotunan jikoki.

Shekara talatin da ɗaya Fermín ya yi yana kocin besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda a zagaye tashoshi a guje, a garin San Pedro de Macorís, a tsaye kusa da tasha ta uku, yana ba masu gudu umarni da alamun hannu. Satar tasha ita ce gwanintarsa: mai gudu ya faki idon mai jifa, ya sheƙa tasha ta gaba kafin a ankara. Duk shekarun nan Nereida na kai masa abinci filin wasa, ta zauna a bayansa tana saƙa har a tashi. Da ciwon gwiwa ya zaunar da shi, sai ya koma besbol na intanet, inda mutum ke jan ƙungiya, ya ba da umarni a kowane jifa, kwamfuta ta buga sauran. A nan ma yana lallasa kowa, in ban da wata ƙungiya mai suna Kujera 14, wadda ba wanda ya san mai ita, kuma ba ta karɓar wasa sai ranar Lahadi bayan abincin rana.

Duk sanda Fermín ya danna umarnin sata, sai ya tarar Kujera 14 ta riga ta danna na tsaro.

Mutum irin Fermín ba ya yarda an fi shi, don haka ya yanke hukunci cewa wasan ne ke da maguɗi, kuma sai ya tona shi. Ya buɗe gasar gwaji, ƙungiyoyi takwas, duka kwamfuta ke jan su, ya cika su da masu gudu kamar barewa. A sata goma, bakwai suka ci. Ya buɗe ta biyu da ƙattai masu tumbi, aka samu uku. Ya buɗe ta uku, ya ja ƙungiya ɗaya da kansa, ya yi ta sata son ransa. Lissafi ya fita daidai, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan.

Wata Lahadi ya kinkimi kwamfutarsa zuwa shagon Tavito mai aski, ko intanet ɗin gidansa ne ke tona masa asiri. Kujera 14 ta aiko da saƙo a ɗage wasan. Ya koma gida ya tarar da Nereida tana mita, wai wane irin miji ne ke barin matarsa ita kaɗai ranar Lahadi.

"Mutumina, ka haƙura, tsufa ne," in ji Tavito washegari, masu jiran aski suna dariya. "Ɓarawo ya tsufa, an soma jin takunsa."

"Tsufa a gidanku! Ku zama shaida, in aka sake kama ni ranar Lahadi, na rufe wasan nan har abada. Kada wanda ya ƙara jin besbol a bakina."

Ya faɗa ne cikin fushi, amma a gaban mutane ya faɗa, kuma Fermín ba ya lashe amansa. Sai da ya isa gida abin ya dame shi, don wasan nan ne kaɗai ya rage masa daga filin. A makon nan shinkafa da wakensa ma rabi yake ci. Nereida ta ji labarin rantsuwar daga bakin matar Tavito. Ranar Asabar ya yi gwajin ƙarshe da ya rage masa: ya sayo sabon linzamin kwamfuta.

Lahadi ta zo. Zagaye na tara, na ƙarshe, ana biyu da biyu, ɗan wasansa na tsaye a tasha ta farko. Gumi ya jiƙa wa Fermín riga. Zai iya ƙin satar, ya tsira da rantsuwarsa, amma ai da ba shi ba ne. Ya taɓa kunne, ya shafi hanci, ya gyara hula, ya danna.

Ɗan wasan ya isa tasha lafiya lau. Bugu ɗaya bayan nan ya kammala zagaye tashoshin ya ci makin nasara, wasa ya ƙare.

Fermín ya yi tsalle, ya manta da gwiwa. "Tsohuwa, na gano! Linzamin ne! Wata uku ina wahala, ashe linzami ne!"

"To, madalla," ta ce. "Ni me na sani a besbol? Zo ka cinye abincinka."

Ina! Ya riga ya fice, yana ɗingishi yana kwaɗa wa Tavito kira tun daga bakin titi.

Nereida ta kife kwamfutar hannunta tana murmushi. Kunne, hanci, hula, tsohuwar alamarsa ta sata: yau ma ta gani sarai, kamar yadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana gani daga kujera ta goma sha huɗu, sai dai yau ta ɗauke yatsanta daga kan maɓallin.