Injin Awon Baba Andani

Gishiri aka fara kora daga kwanon Baba Andani. Mahauci ne a Aboabo, ƙato, dantsensa kamar turmi. Zamanin da muna samari, in ka cire ni, babu mai kai shi ƙasa. Amma ranar da aka yi awo kyauta a ƙofar masallaci, nas Matilda ta ce jininsa ya fara hawa. Kaɗan ne, wai in an kula zai sauka.

Ɗansa ya aiko da inji daga Kumasi, irin mai matse dantse ya riƙe lamba a cikinsa. A auna kullum da safe, ƙarshen wata a kai wa Matilda ta duba.

Matarsa Safiatu ta ɗauki komai a kanta, yadda ta saba. Ita ke bi masa layi a asibiti, ita ke amsa masa waya. Ta raba tukunya biyu: tasa lami, ba magi, ba kifin gishiri. Kitsen da aka hana shi kuwa ita ke cinyewa, don ba a zubar da abinci.

Wata ya ƙare, lamba ta hau.

Aka hana shi goro. Aka hana shi babur, ya dinga takawa kasuwa a ƙafa yana zagin 'yan yalo-yalo, masu keken haya mai ƙafa uku. Lamba ta ƙara hawa. Aka ba shi ƙwaya. Wallahi kamar zuga ta ake yi! Mutum ya rame, in ya miƙe jiri ya kwashe shi, wuƙa ma ta gagare shi riƙewa. Ya fara neman gafarar maƙwabta. Safiatu ta rasa ta yi, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, wai tunaninsa ke sara mata ƙeya.

Matilda ta gaji, ta zo gidan da ƙafarta.

"Baba, kawo hannu in ga yadda kake ɗaurawa."

Ta ja, ta ja. Duk da ramar, maɗaurin ya ƙi zagaye dantsen.

"Ai 'yata, tun ranar farko bai shige ni ba," in ji shi.

"To hannun wa nake dubawa duk watannin nan?"

Safiatu ta ɗago daga bakin murhu, ido jajir, hannu dafe da ƙeya.

"Ni nake auna masa, Madam. Me ne ban masa a gidan nan?"