Ɓarayin Zaƙin Kankana

Tun da ka ce sai ka kori duk wanda ke taɓa abinka, zauna ka ji wannan tukuna.

Wani manomin rani ne yake da lambun kankana a bakin fadama, da shi yake riƙe iyalinsa. A kan iyakarsa akwai wata tsohuwar ɗorawa, inda maƙwabcinsa ya ɗaura amyoyin zuma. Kullum da hantsi in ya zo ban ruwa, sai ya tarar ƙudan zuma sun cika lambun, kowanne ya cusa kai cikin fure. Abin ya tsaya masa a rai. Ya zauna ya yi tunani irin na mai wayon tsiya: ai zumar da maƙwabci ke ɗiba daga furensa aka kwaso ta, ke nan zaƙin da ya kamata ya sauka cikin kankana shi ake sace masa da rana tsaka. Kankanar nan kuwa ba ta da laifi, masu saye rububinta suke yi, amma shi gani yake da ba don ɓarayin nan ba da ta fi haka. Ya tasa maƙwabci gaba da mita, har gaban mai unguwa. Mutumin ba ya son fitina, ya sauke amyoyinsa ya kai su can ƙetaren rafi, ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Da rani ya zagayo shuka ta yaɗu, fure ya fito tsaf, lambu ya yi shiru yadda yake so. Sai furen ya riƙa bushewa yana zubewa. 'Yan waɗanda suka ɗaura 'ya'ya, wasu suka ruɓe tun suna kamar ƙwan kaza, wasu suka fito a karkace. Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, ya ce baki aka yi masa. Wallahi tausayi yake ba ni. Bai san kankana tana da fure namiji da fure mace ba, kuma ba sa haɗuwa sai ƙudan zuma ya kwaso garin wannan a jikinsa ya kai wa wancan. Ɗan ruwan da yake lasa ladan aikinsa ne kawai. A shekarar nan masu lambun ƙetare suka yi ta lodin kankana, shi kuwa kafin damina ta faɗi sai da matarsa ta sayar da akuyarta aka auno hatsi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.