Tuwon Talaka

"Ranka ya daɗe, a sake lomar, hoton bai fito ba," in ji mai kyamara.

Ɗan takarar ya sake tsoma hannu a kwanon tuwon wani manomi. Ya zo ƙauyen Kutama ne da rantsuwar cewa yau sai ya ci abin da talaka ke ci, a kan tabarmar talaka, a gaban 'yan jarida.

Wakilin rediyo ya matso da makirfo. "Alhaji, masu sauraro ba sa gani. A ɗan tanɗe baki su ji."

Ya tanɗe. Wani mai shafin Fesbuk ya iso a makare, aka sake daga farko. Baƙo kuwa ba a ce masa ya isa haka, sai matar gidan ta yi ta kankare tukunya har ƙanzo, yara suna leƙe ta zana.

Washegari, cikin kowa na ƙugi, rediyo ya ce: "Ɗan takara mai ra'ayin ci gaba ya ciyar da talakawa a Kutama."

Matar ta dubi mijinta. "Malam, tashi ka wanke hannu mana. An ce mun ƙoshi."