Manun Tsamaye

"Wane suna za a raɗa wa jinjirin?" in ji liman.

"Manuwel," bakin uban ya suɓuce. Bara ya dawo Tsamaye daga ƙwadago a gonakin koko na Turawan Sifen, can tsibirin Fanando Fo.

"Manu dai, Usmanu ke nan. Madalla!"

Yaron ya tashi da farin jini, har kowace unguwa ta yi Manunta. Uban kuwa bai taɓa furta sunan ba, sai dai "kai, wanga."

"Malam, kunyar ɗan fari har yau?" matarsa ta zolaye shi.

Ya sunkuyar da kai. Kunyar ɗan fari ce, amma ta wancan ɗan nasa, mai sunan na asali, da ya baro a bakin teku, goye a bayan uwarsa, yana miƙo masa hannu.